Ranar da Muka Kwantar da Dawar Baba

Bakina ne ya ja mini, kamar yadda ya saba. Mahaifiyata takan ce da ana musanyar baki a kasuwar Shinkafi, da tuni ta kai nawa ta karɓo na mai kunya. Amma bari in fara da aikin da nake yi a lokacin, don a gane inda bakin ya kai ni.

Ni direban babbar mota ne. Shekara huɗu na yi ina ɗaukar kayan soja daga tashar jirgin ruwa ta Ikko zuwa nan ƙasarmu: shinkafa, man girki, tayoyi, katifu, wani lokaci kwantena a kulle wadda ba a gaya mana abin da ke ciki, mu ma ba ma tambaya. Ba ma tafiya ɗaiɗai. Kwamba muke yi, mota goma ko sha biyu a jere. Daga Ikko har Gusau rakiyar ba ta da yawa, motar soja ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Da mun iso Kaura Namoda kuwa sai al'amari ya canza, domin daga nan hanya ta rabu, ɗaya ta yi Shinkafi, ɗaya ta yi Zurmi, kuma kowacce tana ratsa wuraren da 'yan bindiga ke fitowa. A Kaura ake ajiye mu mu jira babbar rakiya, mai motoci masu sulke.

Dokokin wannan zangon ba su da yawa, amma ba a wasa da su. Ana karɓe wayoyinmu tun daga shigowa gari. Ba wanda ya san ranar tashi sai kyaftin ɗin da ke jagorantar rakiya. In an hau hanya, ba tsayawa, ba hon, ba wuce na gabanka, ko da akuyar gidanku ka gani a tsakiyar titi.

Zan faɗi gaskiya, ina son aikin nan. Ina son ƙarar inji da safe kafin ya yi zafi, ina son yadda ƙasa take canza launi daga Jabba zuwa sama har ka fara ganin kuka da rumbuna ka san ka kusa gida. Har jiran Kaura ma ina so, wanda sauran direbobi ke tsaki a kansa. A wani fili ake tara mu kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, akwai inuwar darbejiya. Mu shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin motoci, a ɗora dafa-duka a kan risho, a aika a sayo fura, masu dara su haƙa gurabensu. Kwana uku, kwana biyar, ba abin da muke yi sai ci da salla da musu. Musun nan kuwa ni ne sarkinsa.

A cikinmu akwai wani direba Bayarabe, mutumin Ilori, mai ƙaton tumbi da Hausa a bakinsa kamar a Gusau aka yanke masa cibi. Mu asalinmu Gobirawa ne, don haka abokin wasana ne, kuma ba ya barin rana ta faɗi bai taɓa ni ba. Wata rana a ƙarshen damina muna zaune bayan azahar sai ya dube ni ya ce, wai shi tun da yake zuwa ƙasarmu bai ga abin da take fitarwa ba sai dogayen mutane da gajerun hatsi.

Ai kuwa na miƙe zaune. Na ce masa bai ga dawar Baba ba ne. Na ce dawa ce irin gado, tun kakan kakanmu ake juya ta, fara sol, tuwonta yana kwana biyu bai yi tsami ba. Na ce tsawonta kuwa, mutum ya hau raƙumi ya shiga gonar, ba za ka ga ko rawaninsa ba. Aka kwashe da dariya. Dariyar ta ƙara mini mai, na ce ba mutum ɗaya ba, ko mutum ɗari suka shiga da baburansu, ka wuce ta titi ba ka san da su ba.

Sai na ji dariyar ta yanke. Na waiwaya, ga kyaftin a tsaye a bayana riƙe da kofin shayi. Mutum ne siriri, ba ya ɗaga murya, daga can duwatsun Filato ya fito.

Ya ce, "Direba, a ina gonar nan take?"

Magana zarar bunu ce. Na gaya masa: ƙauyenmu yana tsakanin Kaura da Zurmi, gonar kuma a bakin titi take, daidai wata kwana da mota mai kaya dole ta rage gudu. Ya gyaɗa kai, ya ce ya san kwanar, ya ga dawar, dama tana ransa. Ya ce gobe da safe zai tura yaransa da adduna su sare duk abin da ya fi mutum tsawo a wurin, kuma tunda gonar mahaifina ce, gara in bi shi yanzu in gaya masa da bakina.

Abin da kyaftin bai sani ba, ni kuma na sani sarai, shi ne dawar nan ita ke nan a duniya. Da muna da babbar gona can cikin daji, da rumbuna a gefenta. Shekarar da ta gabata 'yan bindiga suka cinna wa rumbunan wuta, ba wanda ya ƙara taka wurin. Abin da ya tsira na irin shi ne 'yan zangarniyoyin da Baba ya rataye a rufin ɗakinsa. Su ya sussuke ya shuka a gonar bakin titi, ko ƙwaya bai rage ba. A lokacin da nake cika baki, dawar ta fid da kai, ƙwayar tana nono, saura kamar mako uku ta nuna. In aka sare ta a haka, sai dai a ba shanu. Irin da ya wuce hannun mutum huɗu kafin Baba zai ƙare a hannunsa, kuma ɗansa ne ya nuna hanya.

A motar soja muka je. Ban taɓa shiga ƙauyenmu da kunya irin ta ranar ba. Mun tarar da Baba a gindin tsamiyar da ke kan iyakar gona yana gyaran ƙotar fartanya. Ni da Baba ba mu taɓa yin faɗa ba, amma bai taɓa yafe mini barin gona ba. Direba a wurinsa mutum ne da ya ƙi zama. Shekara da shekaru ina tuƙi, bai taɓa tambayata ko wace irin mota nake ja ba.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni, ya dubi sojojin, ya ce, "Masu yawon duniya. Yau wace iska tak koro ka?"

Na yi ta kame-kame har kyaftin ya ji tausayina ya karɓi maganar. Ya cire hularsa, ya tsuguna, ya gaishe da Baba yadda ya kamata, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi ba tare da kwana-kwana ba. Baba ya saurara har ƙarshe. Bai yi fushi ba, ni kuwa na fi son ya yi.

Ya nuna ni da haɓa ya ce, "Wanga yaro cikin motocin nan shike?"

Kyaftin ya ce, "Shi ne na uku a layi, Baba. In aka yi kwanton ɓauna, direba ake fara harbi, don motarsa ta tare hanya."

Baba ya ajiye ƙotar da ke hannunsa. Ya ce, "Ranka shi daɗe, tambaya guda nika yi. Mutuwad dawa kaka so, ko ganin hanya?"

"Ganin hanya, Baba."

"To in hakanan na, ba sai an kashe ta ba. Kwantad da ita za mu yi."

Ya ba mu labarin wata shekara yana yaro da iska ta taso cikin marka ta kwantar da dawar garin gaba ɗaya. "Munka yi ta kuka, munka ce ta mutu. Tsohona yac ce kowa shi bar tashi dawar yadda take. Saiwa ba ta tsinke ba. Kwana ukku tad ɗaga wuya, kuma tan nuna tana kwance." Ya ce abin da iska ta yi da hauka, mutum zai iya yi da hankali.

Kyaftin ya tashi ya taka zuwa titi, ya tsaya ya dubi gonar. Doguwa ce, siririya, ta bi gefen kwalta har bayan kwanar. Ya dawo ya ce ya yarda, amma da sharaɗi. Kada komai ya wuce ƙugun mutum. Yana tsaye a kan titi ya hango ƙarshen gona. Gobe bayan la'asar zai zo, abin da ya tarar a tsaye yaransa za su sare, kuma ba zai ƙara ko yini ɗaya ba.

Nan wata matsalar ta fito. Aikin na mutum ashirin ne, garinmu kuwa ya zama na tsofaffi da mata, majiya ƙarfi duk sun watse neman abinci a birane. Da muka koma Kaura na tsaya a gaban direbobi, ni da na saba tsayawa don in ba su dariya, na ce gayya nake roƙo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin in rufe baki Bayaraben nan ya ce shi ya tono maganar, shi zai fara zuwa, kuma dama yana so ya ga raƙumin da ke ɓacewa. Sauran ma suka ce za su. Ashe duk cikinmu ba wanda ba ɗan manomi ba ne, sitiyari ne kawai ya raba mu da kunyar gona. Kyaftin ya ce mu je, zai ba mu masu gadi, wayoyi dai suna wurinsa.

Washegari rana ba ta gama fitowa ba muna gona, mu goma sha ɗaya, da tsofaffin gari shida. Baba ya tara mu ya nuna mana sau ɗaya. Ka sa fartanya ka sassauta ƙasa ta gefe guda na gindin. Ka ɗora tafin ƙafa a kan karan, can ƙasa, ka tura a hankali har ya kwanta a kan kunyar da ke gaba. Ka mayar da ƙasa ka rufe saiwar da ta ɗago, ka danna. Kan dawar kuma kada ya taɓa ƙasa, saboda gara. Don haka sai aka kafa gajerun gwafanni layi-layi, aka gitta sanduna a kai, zangarniyoyin suka ɗora wuya a kansu. Mata ne suka yi ta kawo itacen, wasu har da na dangar gidajensu.

A baki abin da sauƙi. Na farko da na taka, ji na yi ƙas, ya karye. Na biyu ma haka. Baba yana bayana ya ce, "Ba birki na ba, yaro. Lallashinta za ka yi." Aka yi mini dariya har da sojojin gadi. Bayarabe kuwa da nauyinsa ya karya ya fi goma kafin Baba ya cire shi daga taka kara ya mai da shi kafa gwafa, ya ce a nan tumbin zai yi amfani. Shi kuma ya ce ai dama Bagobiri ba ya ganin ubangidansa ya bar shi ya huta.

Wajen hantsi hannu ya faɗa. Ƙafata ta tuna abin da na ɗauka ta manta. Akwai wani lokaci da karan yake ba ka dama, kana jinsa a tafin ƙafa, in ka bi shi sai ya tafi salin-alin. Wani ya ɗauko waƙar noma, aka karɓa. Ganyen dawa yana yankar mana hannu, ƙaiƙayi ya cika wuya, gumi yana shiga ido, amma na rantse ban taɓa jin daɗin yini irin wannan ba tun ina saurayi. Mahaifiyata da maƙwabtanta suka kawo fura a manyan ƙore, da azahar kuma ɗanwake. Muka yi salla a gindin tsamiya, sojoji biyu suka bi sahu, sauran suna tsaye suna kallon daji.

Sai dai rana ba ta jiran gayya. Aka kira la'asar da sauran kusurwa guda a tsaye, daidai cikin kwanar, inda dawar ta fi tsawo. Ba wanda ya ƙara waƙa. Na ga Baba ya bar aiki ya tafi gindin tsamiya ya tsaya shi kaɗai, na ɗauka gajiya ce. Wasu sojoji uku da ba sa kan gadi suka miƙa wa 'yan'uwansu bindigogi, suka karɓi fartanya a hannun tsofaffi. Muna cikin haka motar kyaftin ta iso, da adduna a bayanta.

Ya sauko ya tsaya a kan titi. Ya dubi gonar da ta kwanta, ya dubi kusurwar da ta rage, ya dubi agogonsa. Sannan ya ce wa direbansa akwai wani kwalbati a gaba da yake so ya duba ƙarƙashinsa. Da ƙafa ya tafi. Ban san abin da ke cikin kwalbatin nan ba, amma ya daɗe yana dubawa. Da ya dawo, Bayarabe yana danna gwafar ƙarshe.

Kyaftin ya sake tsayawa inda ya tsaya da farko. Daga nan kana hango ƙarshen gona, da fadamar bayanta, da garken wani Bafulatani can nesa. Ya ce ya yi. Ya je ya ba Baba hannu, ya ce shi mahaifinsa acca yake nomawa, ba ta taɓa ɓoye ko zomo ba. Baba ya yi murmushi ya ce Allah ya raba kowa da ɓoye abin da ba na alheri ba.

Kwana biyu bayan haka, da safe, aka ce mu tada inji. Mota mai sulke a gaba, wata a tsakiya, wata a baya, mu a jere da tazara tsakaninmu. Da muka doshi kwanar na sauke giya. Sai na ga fili. Dawar tana kwance layi-layi, kawunanta sun ɗan ɗago suna neman rana, kamar yadda ya ce. A tsakiyarta ga Baba a tsaye, shi da a da sai ka shiga gonar ka yi ta kira kafin ka same shi. Yana kallon motocin ɗaya bayan ɗaya. Ba hon, ba tsayawa. Hannu ɗaya na cire daga sitiyari na ɗaga. Bai ɗaga nasa ba, amma ya bi motata da ido har na sha kwanar, na gan shi ta madubi. Ranar ce ya fara ganina a kan mota.

Muka isa Zurmi lafiya, muka sauke, muka juyo lafiya. Ba abin da ya faru. Ko da wani ya yi niyyar ɓuya a gonar, ko babu, Allah kaɗai ya sani, kuma ni ban damu in sani ba.

Sai bayan kaka na samu zuwa gida. Fiye da rabin dawar ya tafi: wadda muka karya, wadda gara ta hau duk da gwafanni, wadda tsuntsaye suka samu a sauƙaƙe. Dami shida aka ɗaure a gonar da ta saba ba da fiye da ashirin. Amma ƙwayar ta cika, fara sol. Baba ya ce ba za a ci ko mudu ba a bana, kuma ba zai sake ajiye iri a wuri ɗaya ba. Kashi ɗaya a ɗakinsa, ɗaya wurin ƙanwata da ke aure a Gurbin Bore, ɗaya kuma ni zan kai Kaura. Gonar bakin titi kuwa tun daga lokacin gyaɗa da wake ake sa mata.

Ina zaune a tsakar gida ina shan fura, bakin nan nawa ya sake motsawa. Na fara ba mahaifiyata labarin yadda na haɗa gayya, yadda ba don ni ba da iri ya ƙare. Ta ajiye taɓaryarta ta dube ni.

Ta ce, "Kai dai ba ka gajiya. Ka san abin da tsohonka yay yi ran nan? Tun da sahe yaw wasa adda, yab ɓoye ta gindin tsamiya. Yac ce mani in la'asar ta yi ba a ƙare ba, ba soja za su sare ta ba, shi za shi sare da hannunai. Nac ce, irin tsohonka hwa? Yac ce, in tab ɓoye wanda za shi harbi yarona, da wane baki zan ci tuwonta?"

Sai na tuna shi a tsaye shi kaɗai a gindin tsamiya, lokacin da na ɗauka gajiya ce. Na ajiye furar. Shekara arba'in da wani abu ina neman kalma ɗaya ta yabo daga bakin mutumin nan, ashe ya riga ya faɗe ta, ba dai a gabana ba.

Na tashi na fita. Yana zaure, ya baza zangarniyoyi a kan tabarma yana zaɓar masu cikar ƙwaya. Na zauna a gefensa. Ina so in ce wani abu, amma ranar, karo na farko a rayuwata, bakina bai samo komai ba. Bai ɗago ba. Ya tura mini rabin tulin da bayan hannu.

Ya ce, "Ka zo ka zamna kamar baƙo? Zaɓi naka. Kuma ka riƙa ta da hankali, ba sitiyari na ba."